Akwai Saura

Kai mai karatu, kafin ka tsoma hanci cikin wasiƙun mutane, amsa min wannan. Ubanta ne ya haife ta, amma bai taɓa ba ta ko loma ba. Da yunwa yake sallamarta, a gidan mutane take ƙoshi. Ranar da ya ji tausayinta ya cika mata ciki, ranar take mutuwa. Wace ce? Kada ka ji kunya in ba ka sani ba. Jikana Jafaru yana da takardar difloma, shi ma sai da ya sha rana. Ni Barira ta Gwaram na jera wasiƙun nan yadda suka zo, ban gyara wa kowa baki ba, har ni kaina.

Gwaram,
farkon damina.

Zuwa ga angona Jafaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan, in ban da gwiwata ta hagu da ta ɗauko halinka, ba ta jin magana.

Buba direba ya tabbatar min Gidan Zanen Hambali na Birnin Kudu sun ɗauke ka gwaji. Allah ya sa albarka. Yanzu ba ka da hujjar hana matarka goro.

Ka daina kirana a waya. Ranar nan ka ce min ka samu aiki, ni kuma na ji ka samu ciki, na wuni ina salati. Ka rubuto kawai ka cusa cikin ƙullin huluna, Buba zai kawo. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, yana ɗingishi amma yana isa inda za shi.

Gidan da ka shiga na riga ka saninsa. Tun Malam Hambali, Allah ya jiƙansa, yana zuwa Gwaram a keke da ƙyallayen hula ɗaure a baya nake yi musu ɗinki. Shi ya zana, mu mu bi da allura. Yanzu da 'yarsa Hajiya Ummussalma take riƙe da gidan, na ji har katin biki da allon shago kuna yi. Duk da haka hula ce uwar gida, sauran 'yan haya ne.

Shawarata kaɗan ce. In an ajiye abinci ka ci, kada ka yi musu irin cin 'yan makaranta da cokali. Ka riƙa kallon bakin Malam Salihu, tsohon mai zanen nan, don maganarsa ba ta da yawa kuma ba ta tafiya a miƙe.

Sannan ga kacici-kacici ka riƙa taunawa in aiki ya yi sauƙi. Akwai wata 'ya a gidanku. Ubanta ba ya ciyar da ita, da yunwa yake sallamarta, a gidan mutane take ƙoshi. Ranar da ya cika mata ciki, ranar take mutuwa. In ka gano ta ka gaishe min da ita, tsohuwar ƙawata ce.

Babarka tana gaishe ka. Ka huta lafiya.

Matarka ta fari,
Barira.

Birnin Kudu.

Zuwa ga Inna Barira, amaryata mai ragowar haƙora,

Amin wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na kuma gode da addu'a. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ga goro nan a cikin ƙullin, ki daina kai ƙarata gari.

Aiki yana tafiya. Mu kaɗan ne a ɗakin zane: Malam Salihu, sai Manu mai alluna, sai Munawwara mai katin biki, sai ni. Gidan yana da al'adu masu ban mamaki. Ba wanda yake rubuta sunansa a jikin aikinsa. Abincin rana daga gidan Hajiya yake zuwa, kuma Malam Salihu da kansa yake zuba wa ƙanana ruwan wanke hannu. Kowane ma'aikaci yana da kofin shayinsa rataye a ƙusa, ni kuwa da kofin baƙi nake sha tunda gwaji nake. Ba a yi wa kowa faɗa, ban taɓa jin an ɗaga murya ba.

Hajiya ta ba ni babban aiki. Tsofaffin zanen hulunan marigayi suna kan takardu, gara ta fara ci, shi ne ta ce in shigar da su kwamfuta. Inna, mutumin nan gwani ne. Sai dai na gano masa wata matsala da ba wanda ya lura. A kowane zane, ta wajen ƙeya, akwai wani fili kamar faɗin babban yatsa inda layukan suke tsayawa cak, ba komai a ciki. Ina zaton mantuwa ce, ko kuma hannu ne ya gaji. Na tabbata ku masu ɗinki kun daɗe kuna wahalar toshe wurin da dabara, tunda ban taɓa ganin hula da rami ba. To na hutar da ku. Na bi kowanne na haɗe layukan, yanzu zane yana zagayowa ya kama bakinsa ba tare da an ga mahaɗi ba.

Na nuna wa Malam Salihu. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ya yi tsaf." Kin ji daga bakin da kika ce in riƙa kallo. Manu kuwa, duk abin da ya kai masa sai ya ce, "Akwai saura," shi kuma ya dawo yana washe baki kamar an yi masa bushara. Ina tausayinsa.

Ƙyallayen da ke cikin ƙullin nan daga sabon zanena aka fitar da su. An aika wasu ga masu ɗinki na garin Sara da Kwandiko. Ki gwada ki ji daɗin aikin ɗan boko.

Amsar kacici-kacicinki randa ce. Maginin tukwane ba ya zuba mata ruwa.

Ki gaida Umma da Baffa Iliyasu.

Naki,
Jafaru.

Gwaram.

Zuwa ga Hajiya Ummussalma, 'yar Malam,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar maigida da yara da aiki.

Ummu, ƙullin wannan karon ya iso, ya kuma zo mana da annoba. Nasiha ta Sara ta buɗe nata, nan take ɗan yatsanta ya kama ciwo. Hawwa ta Kwandiko ta aiko cewa idonta yana ruwa. Ni kuwa allurata ce ta ɓata, duk gidan nan an nema. Ikon Allah, mata da yawa haka, rana ɗaya.

Tunda kin je Makka kin dawo wataƙila kin manta wasu abubuwan, bari in tuna miki. Kina goye lokacin. Babanki ya kawo min ƙyalle, biro ya ƙare masa ta wajen ƙeya, ya bar ɗan fili ya ce in ci gaba da layin yadda na gani. A zuwansa na baya ya ce ɗinkina yana da garaje, abin yana raina. Sai na ɗinka masa kunama a wurin. Da ya dawo ya juya hular, ya juya, ni ina bayan ƙofa ina jiran faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, "A cire mata kai, mutane za su yi salla da ita." Na cire kai na bar wutsiya, dama ita ce mai aikin.

Daga ranar bai sake rufe wurin ba, a zanen kowa. Ya sa masa suna taga. Nasiha tana saka tsani a tata, Hawwa zangarniyar gero, kowace mace da abinta. Ku a can ba kwa sa suna a aiki, amma mu ya bar mana wurin sa namu. Mace za ta yi makonni tana bin layin wani, ba ta da ta cewa, tana haƙuri ne saboda ta san a ƙarshe akwai ɗan wurin da ba wanda zai gaya mata abin da za ta yi.

Yanzu ga taga an toshe. Wanda ya toshe na san shi, ni na yi masa wanka yana jariri, kansa a lokacin ma haka yake, ba ƙofa. Shi bai sani ba. Amma ke kin sani, kuma ƙyalle ba ya fita gidan nan sai ya bi ta hannunki. Shi ya sa ban rubuta wa yaro ba, na rubuto wa babba.

Ki gaida Malam Salihu. Ki ce na ji ya ce wa jikana "ya yi tsaf", yaro yana ta murna. Allah ya shirye shi, tsoho da mugunta.

Taki,
Inna Barira.

Birnin Kudu.

Zuwa ga Inna Barira,

Amin wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na karɓi wasiƙarki da girmamawa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya kuma bayyana allurar da ta ɓata.

Inna, ban manta ba. Da sanina ƙyallayen suka fita, kuma zan gaya miki dalili.

Akwai wani dillalin huluna daga Kano, Alhaji Abdulsalami. Zai aurar da ɗansa, yana son hulunan anko masu yawa, na abokan ango da na abokan uban ango. Sharaɗinsa shi ne su zama iri ɗaya sak, kada wata ta bambanta da wata ko da zare ɗaya. Ya ce in aikin ya yi masa, daga gidanmu zai riƙa ɗauka. Ba sai na gaya miki yadda hular inji ta cika kasuwa ba. Ina cikin wannan tunani Jafaru ya kawo zanensa a rufe. Na ga abin da Alhaji yake nema ne ya zo har teburina ban roƙa ba. Na ce bari in aika in ga ko mata za su ɗinka. Na ga amsa.

Ba zan rufe taga ba. Idan watan nan ya mutu Alhaji zai dawo, zan ba shi haƙuri.

Saura maganar Jafaru, domin gwajinsa ma a lokacin zai ƙare. Yaron yana da hannu, ya fi duk wanda na ɗauka a baya, kuma aikin da ya yi ya ceci zanen Baba daga gara. Amma kin san ƙa'idar gidan. Ba a gaya wa sabon mai zane maganar taga. Baba yana cewa wanda aka gaya wa zai bar filin ne don tsoron mai gida, ranar da mai gida ya kau da kai ya rufe. Malam Salihu da kansa ya gano, haka Manu, haka Munawwara, kowa da irin hanyarsa. Idan Jafaru ya gano kafin lokacin, ya zauna. Idan bai gano ba, zan yi masa kyakkyawar shaida ya nemi wani wurin, domin ba zan iya ba wa mutum zanen da mata za su ɗinka ba alhali ba ya ganinsu.

Abin da zan iya yi shi ne abin da Baba yake yi: wanda zanensa ya dawo, shi yake mayar da shi da ƙafarsa. Zan tura shi Sara da Kwandiko da wajenku.

Ina roƙonki, Inna, kada ki gaya masa. Na san jininki ne.

Wassalam. 'Yarki,
Ummussalma Hambali.

Birnin Kudu.

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri, yau ba ni da bakin wasa.

Ƙyallayena sun dawo, ko allura ba a soka musu ba. Maimakon a kira matan a tambaye su, sai Hajiya ta ɗaure ƙullin ta miƙo min, wai in mayar da kaina. Ni da na yi shekaru ina koyon zane, yau na zama ɗan aike, ina zaune a bayan motar Buba tsakanin buhun taki da kaji.

Na je Sara. Inna Nasiha ta sa aka shimfiɗa min tabarma a zaure, ta kawo fura, ta nuna min yatsa naɗe da tsumma. Ina fita na waiwaya, na hango ta tana ɓarar gyaɗa da yatsan. A Kwandiko Inna Hawwa ta ce idonta ba ya ganin layi, amma tun daga bakin rijiya ta gane ni, har ta ce na yi kama da kakana ta wajen kunne. Na tambaye su ko zanen yana da aibu. Kowacce sai ta ce, "A'a, ai ya yi tsaf." Na fara tsanar kalmar nan.

A wurin aiki ba wanda ya canza min fuska, wannan ma ya fi ciwo. Malam Salihu yana zuba min ruwan wanke hannu kamar kullum. Na tambayi Manu a gefe, ya ce shi ma ya taɓa hawa motar Buba, ya ci gaba da fentinsa.

Wani abokina yana da shagon buga takardu a Dutse, ya ce in zo ko gobe. A can in ka yi kuskure ana gaya maka, ka gyara, a wuce wurin. Na yanke shawara in wata ya mutu zan tafi kafin a sallame ni. Ba son raina ba ne. Ina son gidan nan, ban taɓa zama inda ake kallon layi ɗaya a yi shiru ana jin daɗinsa ba sai nan.

Inna, ke ma ba ki ɗinka naki ba, kuma na san allurarki ba ta ɓata ba, a gefen ɗankwalinki take kwana. Don Allah ki gaya min abin da na yi.

Jikanki,
Jafaru.

Gwaram.

Zuwa ga maigidana mai fushi,

Salamu alaikum. Na ga wasiƙarka, har takardar tana huci. Na ajiye ta kusa da tukunya, ruwa ya tafasa ba itace.

To ka hau mota da kaji. Su kajin sun rubuto wa kakarsu?

Randa ba ita ba ce. Wace randa ka taɓa gani ta mutu don maginin ya zuba mata ruwa? Sake lale.

Ka ce in gaya maka. Ba zan gaya maka ba. An roƙe ni, na kuma amsa, kuma ko ba a roƙe ni ba haka zan yi. Lokacin da kake koyon tafiya babarka tana bin ka tana ɗauke maka duk abin da ke gabanka, ni kuma ina mayarwa. Har yau tana jin haushina, amma ga shi kana tafiya har Kwandiko.

Abu ɗaya zan ce, shi ma ba amsa ba ce. Zanenka ba shi da aibu. Na shimfiɗa shi a cinyata na daɗe ina kallo, ko Malam Hambali bai taɓa jan layi mai kyan wannan ba. Na neme ni a ciki ne ban samu ba.

Maganar Dutse kuwa, ƙafarka ce. In ka tafi ba zan mutu ba, dama ina da manema. Amma tunda ƙullin Gwaram yana hannunka, ka kawo shi ranar Juma'a. Ka sako hular da na ɗinka maka ta gama makaranta, wadda ka ce ta tsofaffi ce ka jefa ƙasan akwati. Ka bi Baffanka Iliyasu masallaci. Kuma ka yi alwalarka a can, randata ba ta da ruwan ɓarna, ku 'yan birni kuna alwala kamar kuna wanke mota.

Zan yi maka dambu da zogale. In fushin bai bar maka wuri a ciki ba, ka zo ka kalle ni ina ci.

Matarka da ba ta yaji,
Barira.

Birnin Kudu.

Zuwa ga amarya Barira,

Assalamu alaikum. Da farko ina neman gafara kan dambun da na bari. Daga masallaci tasha na wuce, ban ko dawo na yi miki sallama ba. Ga dalili.

Muna wajen alwala, Baffa Iliyasu ya cire hularsa ya ɗora a dakali. Ɗan'auta mahauci yana gefensa, shi ma ya ɗora tasa. Zane ɗaya, launi ɗaya, duk na gidanmu. Da suka gama sai Baffa ya ɗauki ɗaya ya kifa a kai. Ɗan'auta ya ce, "Malam Iliyasu, sata a ƙofar masallaci, kuma ranar Juma'a?"

Baffa ya ce, "Wa zai saci hular mahauci? Ƙudaje su raka ni sahu?"

"To cire mu gani."

"Ba zan cire ba, kaina ya san hularsa."

"Kanka da ba gashi me ya sani? Juyo ƙeyar."

Mutane suka fara dariya. Ɗan'auta ya fizge hular ya juya bayanta ya nuna wa jama'a. "Ga tsani nan. Nasiha ta Sara ce ta yi min, da kaina na aika a ce ita nake so. Taka ga ta can da wutsiyar kunama, irin ta gidanku, ku da ba a rabuwa da ku lafiya."

Baffa ya ɗauki ɗayar ya duba ya ce, "Haka ne, ga Inna nan."

Inna, ban san lokacin da na cire tawa ba. Na juya ƙeyar, ga wutsiyar kunama. Na sha ganin abin nan, na ɗauka cikin zanen yake. Na ɗora babban yatsana a kai, ya rufe shi daidai. Na yi salla, amma Allah ya yafe min, rabin hankalina yana kan ƙeyoyin sahun gabana. Na ga tsani, na ga zangarniya, na ga wani abu kamar maburgi da ban san ta wace ce ba.

Na dawo na buɗe filayen da na toshe duka. Bai ɗauki lokaci ba, gogewa ta fi zanawa sauƙi. Na ajiye takardun a gaban Malam Salihu.

Kafin ya duba sai ga Alhaji Abdulsalami, dillalin Kano mai son hulunan anko iri ɗaya sak. Hajiya ta fito har ɗakin zane tana ba shi haƙuri, tana cewa gidan nan ba ya iya irin aikin da yake so. Ya miƙe zai tafi. Ban san inda na samu bakin ba, na ce, "Alhaji, a yi min izini. Ranar ɗaurin auren nan, jama'arka za su yi alwala?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Da arna zan zo?"

Na ce, "In sun cire huluna sun jera a dakali, duk iri ɗaya sak, yaya kowa zai gane tasa?"

Ya tsaya. Ya ce a bikin 'yarsa haka aka yi, ya koma gida da hular wani mai ƙaton kai, tana faɗo masa har gira, kuma mai shi yana shafa wani man da har yau bai san sunansa ba. Na cire tawa na nuna masa ƙeyar. Na ce daga gaba duk ɗaya ne, mai hoto ba zai ga bambanci ba, daga baya kuwa kowace hannu da alamarta, kuma in an roƙi matan za su sauya launin zare yadda ba za a samu biyu iri ɗaya ba. Ya juya hular, ya juya. Ya ce tasa a ba wa mai kunamar nan.

Hajiya ta raka shi mota. Malam Salihu ya jawo takarduna, ya sa tabarau, ya daɗe. Sannan ya ce, "Akwai saura." Na juya don kada Manu ya ga bakina, sai na tarar shi ma nasa a washe.

Washegari na ga sabuwar ƙusa a bango da kofi a rataye. Ba wanda ya ce nawa ne. Ba wanda ya taɓa shi kuma.

Na rubuta wa abokina na Dutse na ba shi haƙuri. Ga sababbin ƙyallaye nan, na Alhaji yana sama. Na Sara da Kwandiko ni zan kai da kaina, na riga na saba da kajin.

Kacici-kacicinki kuwa, tsohuwa ba ta jin daɗi in an ƙwace mata amsa a baki. Na ba ki gari. Na ba ki Birnin Kudu, har da tashar.

Angonki,
Jafaru.

Gwaram,
gero ya fara fitar da kai.

Zuwa ga mai kofi,

Salamu alaikum. Na karɓi Birnin Kudu, tashar kuwa ka riƙe abarka.

Allura ta bayyana. Yatsan Nasiha ma na ji ya warke.

Na buɗe ƙyallena na auna. Na sauran mata yatsa ɗaya ka bar musu, nawa har da rabi. Wato ka lura idona ya fara gajiya, ka kuma yi shiru. Rashin kunya ne, amma na karɓa. Alhaji zai samu wutsiya mai ƙiba.

Baffanka Iliyasu yana gaishe ka. Ya ce tunda yake bai taɓa ɗaukar hular wani ba sai ranar da uwarsa ta roƙe shi, kuma har yanzu Ɗan'auta yana kiransa ɓarawo a kasuwa. Wannan kada ya kai kunnen Hajiya. Ni dai ban faɗa maka komai ba.

Dambunka kaji sun cinye.

Taka,
Barira.

Af, na manta. 'Yar nan taga ce, filin da mai zane yake bar wa mai ɗinki a ƙeyar hula.